Durowar Ƙasa

Ku gyara zama, 'yan uwa, amma yau kar wanda ya jira dariya a wurina. Kwana uku ke nan zuciyata tana tashi, ba kuma wani abu na ci ba. Abin da idona ya gani ne, da abin da bakina ya jawo. Na so in rufa wa kaina asiri, sai na ga in ban faɗa ba abin zai ci gaba da cina ni kaɗai.

Ga wanda bai san ni ba, a sashen yaɗa labarai na jami'armu nake aiki. A gida 'Yar Jarida ake ce mini, ko da yake jaridar tamu shafi takwas ce, sau ɗaya take fitowa a wata. Ofishinmu ɗaki ne guda a ƙarƙashin matakalar babban gini, mu uku a ciki: Edita, dattijo mai ciwon gwiwa wanda saura masa shekara biyu ya yi ritaya, da mai hoto wanda kullum yana waje, sai ni mai buga rubutu da tsara shafuka. Shafi bakwai na farko hotunan manya ne suna musabaha. An buɗe sabon ɗakin lacca, an rufe taron bita, an dasa bishiya. Ba mai karanta su, har waɗanda ke cikin hoton. Shafin baya kowa ke juyawa: wa aka yi wa ƙarin girma, wa ya yi aure, wa ya samu ƙaruwa, wa ya riga mu gidan gaskiya. Mutum ya duba sunansa, ya duba na wanda ba ya so, sannan ya yi fifita da takardar.

A wannan shafin na baya akwai wani abu da ba kowa ya sani ba. Dokar gidajen ma'aikata ta ce idan ma'aikaci ya rasu, iyalinsa suna da wata shida su bar gidan jami'a. Amma ba daga ranar rasuwa ake fara ƙirga ba, daga ranar da sanarwar ta fito a takardarmu ne. Wanda ya rubuta dokar bai kawo a ransa cewa sanarwa za ta iya makara ba. Edita kuwa ya kawo. Teburinsa yana da durowa biyu. Ta sama ta abin da zai fita a watan nan ce. Ta ƙasa kuma, wadda makullinta ba ya barin aljihunsa, nan sanarwar rasuwa ke kwanciya har sai ya ji matar marigayi ta samu inda za ta sa kanta, ko yara sun gama shekarar karatu. Wata sanarwar takan yi wata huɗu a ciki, wata ta yi shekara. Manya na sama sun sani sarai, sai dai ba wanda ya taɓa sani da baki.

Ranar da na kama aiki ya buɗe mini ita, ya bar ni na leƙa, ya mayar ya kulle.

"Wannan durowar ba ta da baki," ya ce. "Ke ma kar ki ara mata naki."

Na ce masa har abada. Ku riƙe wannan "har abada" ɗin, za mu dawo kansa.

Shi kuwa Dokta, malami ne a sashen safiyo, masu awon filaye. Farkon zuwansa ofishinmu ƙorafi ya kawo, wai hoton da muka sa masa na ƙarin girma ya yi ƙanƙanta, kuma an yanke masa hula. Da ina da wayo, da tun nan na gane irin mutumin. Amma kun san ni da farin yadi. Ya shigo cikin farar riga da ta sha guga har tana ɗaukar ido, turarensa ya riga shi sallama, yana ta jan hannun riga baya don agogo ya sha iska. Na ba shi haƙuri, ya karɓi lambata wai don in an gyara in sanar da shi. Har yau ba a gyara hoton ba, lambar dai ta yi aiki.

Wata biyar muka yi. A gidanmu kuwa kamar an yi ruwa bayan fari. Shekarata ashirin da takwas, kuma Anti, ƙanwar Mama, ba ta bari in manta ko kwana ɗaya. Duk zuwanta sai ta ƙirga mini 'ya'yan ƙawayena da yatsu. Mama tun zuwansa na biyu ta daina cewa Dokta, ta koma Doktanmu. Ta canza labulen falo saboda shi. Kofunan gilashin nan masu zanen zinare da ba a taɓa ba ni ruwa a ciki ba tun da aka haife ni, shi ya buɗe su. Baba ne kawai bai ce komai ba. In aka tambaye shi sai ya sauke tabarau ya ce, "Muna gani dai," ya mayar.

Aibinsa ɗaya a idon Mama, ciki da falo yake haya a cikin gari, bayi ma na haɗaka ne. Shi ma abin yana damunsa. Shekara huɗu sunansa yana layin masu neman gidan jami'a, kuma duk hirarmu sai ta bi ta nan, ko da daga maganar takalmi aka fara.

Ranar da na yi ɓarin bakin wata Laraba ce, a kantin cin abinci na ma'aikata, da rana tsaka. Yana ba ni labarin yadda ya gyara wa wani farfesa kuskure a gaban jama'a, sai ya juyo ya ce ni kam na huta, aikina ba ya buƙatar kai, hotunan masu gaisawa kawai muke jerawa. Da dariya ya faɗa, amma ta soke ni. Ni kuma ba a taka ni in yi shiru. Na ce masa ɗan ɗakin nan da yake rainawa ya rufa asirin gidaje fiye da duk kwamitocin jami'ar. Ya ce ta yaya? Na zayyana masa durowar ƙasa tun daga farko har ƙarshe, ina yi ina kaɗa cokali, ina jin kaina wata tsiya.

Ya daina tauna abinci. Ya dube ni da wani irin kallo da na ɗauka na burgewa ne.

"Yanzu su wa ke ciki?"

Na ce takarda bakwai ne. Ta baya-bayan nan ta Baban Laburare ce, dattijon nan da ya shekara talatin yana jera littattafai, wanda ya rasu wata biyu da suka wuce. Na ce matarsa tana gida mai lamba goma sha huɗu a tsohon layi, da 'yan biyunta mata da za su rubuta jarrabawar gama sakandare baɗi, shi ya sa Edita ya ce takardarsa ba za ta ga rana ba sai sun ajiye alƙalami.

"Lamba goma sha huɗu," ya maimaita a hankali. "Mai ɗaki uku."

Ko a nan ban farka ba. Hausawa sun yi gaskiya, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ni ce na tsaga bangon da hannuna.

Bayan kwana biyu ya turo mini saƙo: "Ranki ya daɗe, abin ya tsaya mini a rai. Ya kamata mu je mu yi wa iyalin nan ta'aziyya. Ki ce wa Mama da Anti su shirya ranar Asabar, zan zo in ɗauke ku." Wallahi har ƙwalla na yi. Na nuna wa Mama, ta ce ka ji ɗan halak. Na sa doguwar rigata mai ruwan toka, ban shafa komai a fuska ba, don ni da gaske ta'aziyya zan je.

Tsohon layi shiru ne da shi, gidaje ne masu faɗi da manyan tagogi, irin ginin da. A ƙofar lamba goma sha huɗu akwai bishiyar mangwaro da ta rufe rabin rufin. Maman 'Yan Biyu, matar marigayin, ta tarbe mu da fara'a irin ta wanda ya gaji da kuka. Siririya ce, ta yafa mayafi mai duhu, ta shimfiɗa mana tabarma duk da akwai kujeru, don ta ce ƙafar ɗaya ta karye. Bangon falon kaf kantocin katako ne cike da littattafai. 'Yan biyun suka kawo ruwa suka durƙusa suka gaishe mu, suka koma kan teburin karatunsu a lungu.

Aka yi addu'a, aka shafa. Ina sauke hannu na ga Dokta ya miƙe wai ƙafarsa ta yi sanyi. Ya taka daga ƙofa zuwa taga, a hankali, dunduniya tana bin yatsa, leɓensa yana motsi. Na ɗauka tasbihi yake yi. Ya juya ya taka daga gindin kantocin zuwa ɗaya bangon. Ya ɗaga kai ya ƙare wa silin kallo, ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa. Sannan ya tambayi hanyar bayi. Aka nuna masa ƙofa ta farko a dama. Daga inda nake zaune ina hango hanyar ɗakunan, na ga ya wuce ƙofar farko, ya tura ta biyu ya leƙa, ya tura ta uku.

Ina cikin wannan sai na ji Anti tana zungurar Mama da gwiwar hannu, tana nuna mata ƙofar sito da haɓa. Har da tambaya ta yi, cikin muryar jaje, wai ruwa yana zuwa kullum a layin nan? Maman 'Yan Biyu ta ce yana zuwa, ban da Talata. Anti ta ce Allah sarki, kamar an ba ta labarin wata rasuwar.

Muna shiga mota, tun bai tayar ba, wayata ta yi ƙara. Shi ne, yana zaune a gabana, ya turo don kar su Mama su ji:

"Falo taku tara a tsawo, bakwai a faɗi. Kujerunki za su shiga har da saura. Kantocin nan za mu ɓalle su, sun cinye wuri."

Na karanta sau biyu. Turaren nan nasa da nake so ya cika motar, na ji kamar na shaƙi wani abu da ya ruɓe. Na sauke gilashi, na kafe idona a waje har muka iso gida.

Ashe ɓoyon saƙon ma wahalar banza ya yi. Muna shiga, tun ba a cire mayafi ba, Anti ta fara rabon ɗakuna. Wannan na amarya, wancan na baƙi, na ukun na yara in Allah ya kawo. Mama tana dariya tana cewa kicin ɗin ma ya fi namu haske. Na ce musu matar da ta ba mu ruwa ɗazu a cikin gidan take, kuma ko wata uku mijinta bai yi a ƙasa ba. Anti ta ce ai gidan jami'a ne, ba gadon kowa ba, in ba mu shiga ba wani zai shiga. Mama ta ce tausayi yana da kyau, amma wanda bai ji tausayin kansa ba wa zai ji nasa? Ta ce in dubi shekaruna. Kullum maganar nan take ƙarewa, ko gishiri ne ya yi yawa a miya sai an ce in dubi shekaruna.

Baba yana zaune da rediyonsa. Ya rage murya, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ta'aziyya kuka je ko kallon gida?" Ya mayar da muryar rediyon.

Washegari da la'asar Dokta ya zo, ya zauna a kujerar da ta zama tasa, Mama ta kawo masa lemo a kofin zinare. Na bari ta fita, na tambaye shi abin da ya je yi a ɗakin barcin matar mutane. Ko a jikinsa. Ya ciro biro da 'yar takarda ya ce in matso, zai nuna mini yadda abin yake, don ni mace ce mai hankali.

Ya ce kwamitin gidaje da maki yake aiki. Shekarun aiki suna da makinsu, digirin dokta yana da nasa. Mai aure yana da goma, kuma sanarwar aure a takardarmu ta isa shaida, ko ba a ɗaura ba tukuna, in dai an sa rana. Yanzu mutum uku ne a gabansa. Da makin aure zai wuce biyu. Na ukun kuwa, wani malamin kimiyya mai 'ya'ya huɗu, ko bayan makin auren zai fi shi da maki uku kacal.

"To nan ne ke kika shigo," ya ce, yana murmushi, yana zana da'ira a takardar. "In matar ita ma ma'aikaciyar jami'a ce, akwai ƙarin biyar."

Na dubi da'irar. Na tuna ranar da ya fara zuwa, yadda ya tambaye ni ko ni cikakkiyar ma'aikaciya ce ko ta wucin gadi, na ɗauka hira ce. Na tuna wata sakatariya a sashensu da aka ce ya nema kafin ni, wadda aka ƙi tabbatar mata da aiki, soyayyar ta mutu a watan. Wata biyar ina tsayawa gaban madubi ina canza ɗankwali sau uku saboda shi, ashe ni maki biyar ce.

Ya ce abu biyu kawai yake so. In ciro takardar Baban Laburare daga durowa ta fita a watan nan, in kuma sa hannu a fom ɗin sanarwar aurenmu, don in duka biyun ma'aikata ne sai kowa ya sa hannu. Wata shida daidai lokacin biki ke nan. Na ce wata shida daidai sauran wata biyu 'yan biyu su shiga jarrabawa ke nan. Ya ce littafi ba ya tambayar a wane ɗaki aka karanta shi. Ya ce kuma abin da Edita yake yi karya doka ne, shi a matsayinsa na malami bai kamata ya ji ya yi shiru ba.

"Ba zan taɓa durowar ba," na ce.

"Ba sai kin taɓa ba, ranki ya daɗe."

Ya shanye lemonsa har ɗigon ƙarshe, ya leƙa kicin ya yi wa Mama sallama, ta rako shi har ƙofa tana sa masa albarka.

Ranar Alhamis, ranar da muke rufe shafuka mu kai wa masu ɗab'i, na iso ofis na tarar da Edita zaune da wasiƙa a gabansa, mai hatimin ofishin Rijistara, babban magatakardan jami'a. Ban taɓa ganin tsufansa kamar ranar ba. Wasiƙar ta ce wani ma'aikaci mai kishin doka ya rubuto ƙorafi cewa ana ɓoye sanarwar rasuwa a sashenmu. Ta ce duk wadda ke ajiye ta fita a wannan watan, daga yau kuma kowace rasuwa a watanta. Ta ce Edita ya yi bayani a rubuce cikin kwana uku. Manyan da suka shekara ashirin suna kau da kai, yanzu an sa musu abin a takarda, dole su gani.

Na tsaya jiran faɗa. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Bai ko tambayi wa ya faɗa ba, alhali mu biyu ne muka san adadin takardun, kuma wasiƙar ta ce bakwai. Ya sunkuya da ƙyar, ya buɗe durowar ƙasa, ya kwaso su, ya daidaita gefensu a kan tebur, ya ajiye a gabana.

"Ke ce mai saurin hannu. Buga."

Na buga. Direban motar ɗalibai da ya bar 'ya'ya shida. Malamar jinya ta asibitin jami'a, wadda mijinta ba ya gani. Mai kula da lambu. Farfesa guda, da masu gadi biyu, sai Baban Laburare. Sai da na rage girman rubutu kafin su shiga shafin. Dokta gida ɗaya yake so, ya yaye wa gida bakwai rufi, kuma ni na miƙa masa tsani. Ban san wa na fi ƙyama a lokacin ba, shi ko ni.

Wajen ƙarfe sha ɗaya Dokta ya shigo da kansa, cikin shuɗin yadi sabo, da lemo mai sanyi a leda. Ya gaishe da Edita har da rusunawa, ya tambaye shi gwiwa. Ya ajiye mini fom ɗin aure, ya riga ya sa hannunsa, babba, mai jela, ya ci har rabin wurin da aka bar mini. Ya maƙala hotonsa a sama. Ya raɗa mini cewa wannan karon a kula da hular. Ya ce yana da lacca, zai kira.

Bayan fitarsa Edita ya ce shi bai taɓa barin iyali su ga sunan mamacinsu a takarda ba tare da an je an gaya musu da baki ba, kuma ba yau zai fara ba. Gwiwarsa ba za ta kai shi gida bakwai ba. Ya ɗauki huɗu, ya ba mai hoto biyu. Bai dube ni ba ya ce in je lamba goma sha huɗu.

Na tarar da Maman 'Yan Biyu tana shanya kayan makarantar yara. Na yi ta kame-kame, na gaishe ta sau uku. Da na samu na faɗa, ba ta ko ajiye rigar da ke hannunta ba. Ta matse ta, ta yarfa, ta rataya, sannan ta ce ai ta sani tun ranar Asabar.

"Mai ta'aziyya ƙasa yake kallo, 'yata. Naku silin yake kallo."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara cewa ni ba da sanina ba, sai na tuna da sanina ne. Ita kuwa ta kama hannuna ta ja ni ciki, wai tun da ni ce zan shiga gara ta nuna mini, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta nuna mini famfon kicin, ba a murɗe shi har ƙarshe, in an yi haka sai ya ɓalle. Ƙofar ɗakin tsakiya sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa. Mangwaron yana zubar da ganye a magudanar rufi, a share kafin damina. Tana faɗa tana shafa kowane abu da tafin hannu. Babu gori a muryarta ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi kashe ni.

A falo ta tsaya gaban kantocin. Ta ce marigayi da kansa ya ƙera su, da katakon tsofaffin akwatunan laburare da aka zubar, kowace shekara layi ɗaya. Doka ta ce abin da aka kafa da ƙusa na gida ne, ba za ta iya tafiya da su ba.

"Abu ɗaya nake roƙo. In za ku cire su, kar a jefar a bola. Ki aiko a gaya mini, ko guda ɗaya in ɗauka wa yaran."

Na tuna saƙon nan, sun cinye wuri. Ɗaya daga cikin 'yan biyun ta ɗago kai daga littafinta ta dube ni, ta mayar. Ban san yadda na fito daga gidan ba, na dai tsinci kaina a bakin titi ina goge fuska da gefen mayafi.

Uku da rabi na koma ofis, masu ɗab'i ƙarfe huɗu suke karɓa. Sunaye bakwai suna nan, ba ni da ikon cire ko ɗaya. A ƙasansu na riga na bar gurbin sanarwar aure, da wurin hoto mai faɗi yadda hula za ta shiga. Na goge gurbin. Na mayar da rubutun mamatan girmansa na asali, suka cika shafin daidai. Na tura.

Sannan na ɗauki fom ɗin Dokta, da jelar sa hannunsa da hotonsa, na zagaya teburin Edita. Durowar ƙasa tana buɗe, wayam, karo na farko cikin shekara ashirin. Na sa fom ɗin a ciki na tura ta. Edita yana rubuta bayaninsa ga Rijistara, bai ɗago ba. Ya dai sa hannu a aljihu, ya ciro makullin, ya ajiye a gefen tebur ta wajena. Na kulle, na zare.

Ina cikin motar haya saƙonsa ya shigo: "Na shaida wa kwamiti sanarwarmu za ta fito Litinin. Kawunnaina suna gidanku yanzu don a tsayar da rana. Wane launin labule kike so?"

Na jefa wayar cikin jaka. A ƙofar falonmu na ga takalma manya ƙafa huɗu a jere, sun sha mai. Ƙamshin girkin baƙi ya cika gidan. Mama ta fito daga kicin cikin leshinta na fita unguwa, ta riƙe ni tana gyara mini ɗankwali, tana raɗa cewa in saki fuska, in kuma tuna shekaruna. Anti tana bayanta da tiren kofunan zinare. Mama ta tambaye ni ko na sa hannun. Kafin in buɗe baki muryar Baba ta fito daga falo, kuma ba rediyo a bayanta.

"'Yar Jarida ce? Shigo. Na ce musu ba zan ba da rana ba sai na ji daga bakinki, a gabansu."

Mama ta matse mini hannu har zobe ya shige mini fata. Bakin nan nawa da ya yaye wa gida bakwai rufi, yau shi ake jira. Na cire takalmina na ajiye kusa da nasu, na damƙe makullin a tafin hannuna, na ɗaga labule na yi sallama.